“Faka Gefe”: Tsayarwar Jami'an Hanya da Darasin da Take Koya wa Direbobin Haya a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke gudana tsakanin direban haya da jami'in da ya tsayar da shi a kan hanya, daga kujerar direban. Ta dogara ne a kan binciken da aka riga aka wallafa game da Nijeriya da Gana da Nijar da wasu ƙasashe, da dokokin ƙasa, da hukuncin kotu, da abubuwan da suka faru a bainar jama'a a Kano daga 2012 zuwa yau. Matsayarta ita ce, rashin tabbas ya fi tarar kanta ci wa direba rai: bai san dalilin tsayar da shi ba, bai san nawa zai biya ba, bai san yaushe za a sake shi ba. Matuƙar mai cikakkun takardu da wanda ba shi da ko ɗaya suna wuce shinge da farashi ɗaya, to ana koya wa direba cewa bin doka asarar kuɗi ne, kuma wannan darasi yana da hannu a jinin da ke zuba a titunanmu.

1.0 Gabatarwa

Talakan Nijeriya yana iya shekara bai taka ƙofar kotu ba, bai ga ɗan majalisarsa ba, bai shiga sakatariyar ƙaramar hukumarsa ba. Direban haya kuwa ba ya wuni bai haɗu da gwamnati ba. Yana ganinta a shataletale, yana ganinta a bakin danja, yana ganinta a bayan buhunan yashi da tsofaffin tayoyi a hanyar Kano zuwa Zariya, ta ɗaga masa hannu ta ce ya faka gefe. Abin da ya faru a 'yan mintocin nan da shi yake auna hukuma. Shi yake ɗauka ya kai tasha, ya kai gida, ya koya wa yaron motarsa wanda gobe shi ma zai kama sitiyari.

Ba na cikin masu cewa a janye jami'ai daga hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka yi la'akari da yawan jama'a. A nan gida, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna an rasa fiye da mutum 5,000 a 2023, haka ma a 2024, kuma waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya isa ga hukuma. Ƙasar da ke binne 'ya'yanta haka tana buƙatar wanda zai tare mai gudun wuce sa'a da mai aron hannu da wanda ya jera mutane a kan buhunan hatsi. Tambayar da ta dame ni ita ce: me ya sa tsayarwa ta yi yawa haka amma halin tuƙi ya ƙi gyaruwa?

Nazarin Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan na 2006 a Nijar da Benin da Senegal, da na Daniel Agbiboa na 2022 a kan direbobin danfo na Legas, sun nuna cewa ba za a fahimci cin hancin kan hanya ba sai an sauko daga ofis an tsaya inda ake miƙa shi. Sawunsu nake bi a wannan takarda.

2.0 Masu ɗaga hannu

Direban da ya yi lodi a Dawanau zai nufi Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, ba hukuma ɗaya yake amsa wa ba. Akwai 'yan sanda da 'yan yalo fiba, akwai FRSC, akwai VIO masu duba lafiyar mota, akwai hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da LASTMA a Legas, ga kwastam, ga NDLEA, ga sojoji, sannan ga matasan da ke jan katako mai ƙusoshi da sunan harajin ƙaramar hukuma. Kowace hukuma da dalilin kafuwarta, kuma dalilan ba na banza ba ne. An kafa FRSC a watan Fabrairun 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantarta, saboda yadda titunan ƙasar nan suka zama makabarta. An kafa KAROTA a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, kuma duk wanda ya tuna yadda mahaɗar titunan Kano take kafin nan zai yarda an samu canji wajen tsayawa a danja. Matsalar ita ce direba ɗaya ne, motarsa ɗaya, aljihunsa ɗaya, kuma kowa a cikinsu yana iya tambayarsa takardar da na baya ya gama dubawa.

Sha'anin tsaro ya ƙara nauyin. Bayan harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, shingaye suka cika birni, har sai mai babur ya sauka ya tura kafin ya wuce. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaba, adaidaita sahu ta gaji fasinjojinta, ta gaji rigimarta da jami'ai. A 2012 ɗin ne kuma Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin rushe shingayen 'yan sanda a manyan hanyoyi, a 2017 Ibrahim Idris ya maimaita. Umarnin da sai an yi ta maimaita shi ya nuna bai zauna ba. Haka dokar haraji ta 1998 ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge don karɓar kuɗi, amma katakon yana nan.

Wasu kan kare lamarin da cewa gado ne, ai fataken Gwanja ma sun biya kuɗin fito. Sun biya, gaskiya ne. Sai dai madugu ya san sarkin da zai biya, ya yi ciniki a madadin ayari gaba ɗaya, kuma yana sa ran wucewa lafiya a ƙasar wanda ya karɓa. Duk da haka, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo lissafa halayen mulkin zalunci a Kitabul Farƙi, ya sa ɗora wa fatake da matafiya haraji a ciki, ya sa gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Wanda zai jingina da tarihi, to ya ɗauko shi duka.

3.0 Abin da ke faruwa a gefen titi

Tsayarwa iri biyu ce a wurin direba. Ta farko ma ba a tsayawa. Ya rage gudu, ya zuro hannu da kuɗi a dunƙule, jami'i ya karɓa ba tare da ya dubi motar ba, a wuce. Lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa rahotonta kan 'yan sandan Nijeriya a 2010, naira 20 ce sananniyar kuɗin wannan mu'amala. Darajar naira ta faɗi, adadin ya hau, tsarin bai canza ba. Direba yana ware canjinsa tun daga tasha kamar yadda yake ware kuɗin mai, yana kuma ɗora shi a kan kuɗin motar fasinja. Abin lura a nan shi ne ba a duba komai: motar da ba ta da birki da wadda aka fito da ita daga gareji jiya, hannu ɗaya suke miƙawa.

Ta biyu ita ce wadda ake ba da labarinta a tasha da ɗaci. An ce ya faka gefe. Kafin ya gama tsayawa wani ya zare makulli, ko ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba, ko ya durƙusa yana kwance lamba. Sai a fara jero tambaya: lasin, takardun mota, inshora, takardar lafiyar mota, abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, safaya. Idan duk sun cika, akwai tsagewar gilashi, akwai fitilar baya, akwai kayan da suka ɗan leƙo daga but. Motar haya a Nijeriya, wadda ta sha ramukan hanyoyinmu, da wuya mai neman aibu ya rasa abin kamawa a jikinta, kuma direba ya san haka tun kafin a fara.

Daga nan sai jami'in ya juya baya da takardun a hannunsa, ya tafi tsayar da wata motar. Wannan shirun shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne abin da alƙaluman cin hanci ba sa iya kamawa. Ba a ce wa direba ya ba da komai ba. An dai bar shi da rana, da mota cike da mutane. Ba a jimawa fasinjoji za su fara: “Direba, ka sallame su mana, muna sauri.” Mai zuwa asibiti tana sauri, mai kama kasuwa yana sauri, ɗalibi yana da jarrabawa. Mutanen da ya kamata su zama shaidunsa sun koma masu matsa masa. Direban da ya ce zai tsaya a kan gaskiyarsa, da fasinjojinsa zai fara faɗa kafin jami'i, kuma gobe a tasha za a ce motarsa ba ta sauri.

Sai lallashi. “Oga, a yi haƙuri.” “Yallaɓai, yanzu na fito, wallahi ban yi ko lodi ɗaya ba.” Dattijo mai furfura, mai 'ya'ya da jikoki, yana bin yaron da bai kai ɗansa ba yana ranka ya daɗe, a gaban mata da yara. A al'ummar da ta ɗauki girma da mutunci da nauyi irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da ya bayar zai manta da su kafin sati, tsayuwar da ya yi yana roƙo kuwa tana nan a ransa, kuma ita ce take fitowa ranar da wata rigima ta tashi aka ga direbobi sun toshe hanya da tireloli, ko matasa sun far wa jami'i a kan laifin da ba shi ya yi ba.

Mutum zai ce me ya hana direba ya karɓi tikiti ya je ya biya tara ta halal? A jadawalin da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, amsa waya ana tuƙi 4,000, rashin lasin 10,000, obalodi 10,000. An rubuta su, an san su, kuma wannan abin a yaba ne. Abin da direba yake tsoro shi ne hanyar da ake bi kafin a biya. A kai mota ofis, a sauke fasinja a mayar musu da kuɗinsu, a je banki, a dawo da rasit, a jira mai sa hannu. Idan abin ya faɗo ranar Juma'a da yamma, sai Litinin. Don haka abin da direba yake saye a gefen titi lokacinsa ne, wanda aka karɓe daga hannunsa minti kaɗan da suka wuce. Duk tsarin da ya sa biyan tara ta halal ya fi cin hanci wahala ya riga ya yanke wa direba shawara.

4.0 Lissafin direba

Galibin masu tuƙa adaidaita sahu da ƙananan motocin haya ba su ne masu abin hawan ba. Akwai balas da za a kai wa mai shi kowace yamma, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuɗin tasha da na kamasho. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ke saura bayan an sha mai ya ƙara tsukewa. Awa biyu a gefen titi na iya zama bambanci tsakanin komawa gida da cefane da komawa da bashi.

A nan ne darasin da na ambata yake shiga. Daga Janairun 2023 inshorar dole ta ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka shiga tilasta ta. Direba mai hankali zai zauna ya yi lissafi. Idan ya sabunta lasin, ya biya inshora ta gaske, ya sayi taya sabuwa maimakon ta gwanjo, shin hannun da yake miƙawa a shinge zai ragu? Idan amsar a'a ce, to ya biya sau biyu ke nan, abokinsa da bai gyara komai ba ya biya sau ɗaya. Haka kuma wanda ya san zai biya a kowane shinge yana da dalilin ƙara fasinja biyu a gaba don ya cike giɓin. Shingen da aka kafa don hana obalodi sai ya zama yana haifar da shi. Wannan ita ce amsar tambayar da na yi a gabatarwa: tsayarwa ba ta gyara hali sai idan sakamakonta ya danganta da halin.

Yajin aikin 'yan adaidaita sahu a Kano, na Fabrairun 2021 a kan harajin naira 100 a kullum da na Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta rajista, sun tsayar da birnin cak, ma'aikata da ɗalibai suka yi ta takawa a ƙasa. Naira 100 ita kaɗai ba za ta sa mai neman na yau ya ajiye abin hawansa ba. A ganina ta faɗo ne a kan tarin ƙorafin da ya daɗe yana taruwa a gefen titi.

Masu dogon zango nasu ya fi tsanani, domin kayansu na da rai ko na ruɓewa. Tumatirin da aka loda a Kwanar Gafan ba ya jiran bincike. Shanun da aka ɗauko daga Maigatari ko Potiskum suna tsaye a tirela ba ruwa, duk awa ɗaya da aka ƙara tana iya kayar da sa. Mai tsayarwa ya san wannan, farashinsa kuma yana bin saninsa. Da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, tatsar da ake yi wa direbobi a hanya na cikin ƙorafe-ƙorafenta.

Binciken da ya fi fito da wannan lissafi fili shi ne na Benjamin Olken da Patrick Barron na 2009 a Indonesiya. Sun sa masu bincike sun hau manyan motoci a tafiye-tafiye 304 zuwa lardin Aceh da dawowa, suka ga biya fiye da 6,000 da idonsu, wanda ya kai kusan kashi 13 cikin 100 na kuɗin tafiyar. Sun gano mai sabuwar mota ko kaya masu tsada ya fi biya, shingen da ke da bindiga ya fi karɓa, kuma da aka rage shingaye a Aceh bayan sulhun 2005, sai waɗanda suka rage a maƙwabciyar lardin suka ƙara farashi. Kasuwa ce mai ƙa'idojinta. A Nijeriya, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016 kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda sun ba da cin hanci ko an nema a wurinsu, a 2019 ya sauko zuwa 33. Saukowar abin farin ciki ce. Amma a 2019 ɗin, waɗanda suka kai ƙara bayan sun biya ba su kai kashi 4 ba.

5.0 Wa ake tsayarwa

Charles Epp da abokan aikinsa, a littafinsu na 2014 kan direbobin Amurka, sun raba tsayarwa gida biyu: wadda aka yi saboda laifin da jami'i ya gani, da wadda aka yi don a laluba ko za a samu wani abu. Direbobi kan haƙura da ta farko ko da an ci su tara, domin sun san abin da suka yi. Ta biyun ce ke barin tabo ko da jami'in ya yi magana da ladabi, kuma baƙaƙen fata ta fi faɗa wa.

A nan ƙasar, ma'aunin shi ne arziki da sanayya. Direban bas yana tsaye ana tuhumarsa a kan fitila, sai ga jif mai baƙin gilashi ba lamba ta wuce, har da sara mata. Mai motar gida da ya yi aron hannu ya kira wani a waya ya miƙa wa jami'i, an ba shi haƙuri. Direba yana kallo. Ba ya buƙatar wani ya fassara masa cewa doka ta fi ƙarfi a kan wanda ba shi da lambar wayar kowa. Ga wanda bai yi boko ba kuma, a miƙo masa takarda da Turanci a ce ya sa hannu, bai san laifin da aka rubuta ba, bai san adadin da doka ta yanka ba, sai abin da aka faɗa masa da baki.

6.0 Wanda ke cikin kaki, da laifin direba

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Jami'in hanya yana wuni a tsaye cikin ranar bazara da ƙurar hunturu da hayaƙin motoci. Akwai waɗanda direbobi suka take da gangan, akwai waɗanda aka tafi da su a kan bonet. Akwai kuma masu gaskiya a cikinsu da ke ba yara 'yan makaranta hannu, suke ciro mutane daga motar da ta kife da tsakar dare. Rahoton Human Rights Watch da na ambata ya bayyana yadda ake tilasta wa ƙananan 'yan sanda kai kaso ga na sama da su, wanda ya ƙi kuma a ɗauke shi daga wurin da ake samu. Inda aka mayar da hukumar hanya wata kafar tara kuɗin shiga, nan ma jami'i yana fitowa da adadin da ake jira a wurinsa. Mutumin da ke ɗaga hannu sau da yawa shi ne na ƙarshe a wani dogon layi.

Ƙarin albashi ya dace da su, amma shi kaɗai ba ya magani. A 2010 Gana ta ninka albashin 'yan sandanta. Jeremy Foltz da Kweku Opoku-Agyemang suka bi bayanan manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Gana da Burkina Faso, suka tarar kuɗin da 'yan sandan Gana ke karɓa a hanya ƙaruwa ya yi bayan ƙarin albashin.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai direban da bai taɓa zama gwajin tuƙi ba amma yana da lasin, akwai mai shan ƙwaya don ya kwana a hanya, akwai wanda tun kafin a tambaye shi ya miƙa, domin ya san abin da ke cikin motarsa ba zai jure dubawa ba. Irin wannan direba tsarin na yanzu ya yi masa daɗi, kuma shi ne zai fara adawa da gyara. Mai gaskiya ne ke ɗaukar nauyinsa.

Akwai kuma wani abu da duk mai nazarin wannan fanni ya kamata ya riƙe. Direban da ke tsine wa shinge da rana shi ne ke addu'ar ya hango fitilar jami'ai da dare a dajin Falgore ko hanyar Birnin Gwari. Yana son hukuma a hanya, yana buƙatarta. A lokaci guda ya san 'yan fashi da masu garkuwa da mutane sun sha sa kaki su tare hanya, don haka idan aka haska masa tocila a duhu, cikin daƙiƙa kaɗan zai zaɓa: ya tsaya ya faɗa hannun ɓarayi, ko ya wuce jami'an gaske su buɗe masa wuta. Shingen da ba shi da alama, ba motar hukuma, ba suna a ƙirji, yana jefa rayukan mota guda cikin wannan caca.

7.0 Inda gyara zai kama

Doka ta riga ta yi rabin aikin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta wajabta wa jami'i, kafin ya bincike mutum ko motarsa, ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa, ta kuma ce shiga ko aski ko shekarun mutum ba su isa hujjar zargi ba. Ranar 2 ga Oktoban 2024, Mai shari'a Nkeonye Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsayar da mota ko kama ta ko cin tara, domin hukunta mai laifi aikin kotu ne. Hukuncin ya shafi Abuja, amma tambayar da ya tayar ta shafi kowace jiha: ya halatta wanda ya kama ya zama shi ne alƙali, shi ne kuma mai karɓar kuɗi? Direban da ke lodi a Unguwa Uku ya cancanci sanin waɗannan haƙƙoƙi. A rubuta su da Hausa, boko da ajami, tare da jadawalin tara, a kafa a kowace tasha, a karanta a rediyo. Ƙungiyoyin sufuri na NURTW da RTEAN da NARTO, da ke karɓar kuɗin direba kullum, wannan bashi ne a kansu.

Tom Tyler ya nuna tun 1990 cewa mutane sun fi bin doka idan suka ga an yi musu adalci wajen aiwatar da ita, fiye da yadda tsoron hukunci ke sa su bi. An gwada wannan a kan titi a jihar Queensland ta Ostireliya tsakanin 2009 da 2010, ƙarƙashin jagorancin Lorraine Mazerolle. A wuraren gwajin barasa, an sa wasu 'yan sanda su bayyana wa direba dalilin tsayar da shi, su gaya masa ba shi kaɗai aka ware ba, su saurari abin da zai ce. Maganar ba ta wuce minti biyu ba, amma direbobin da aka yi wa ita sun fi yarda da 'yan sanda. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo. Ƙasar Jojiya kuwa ta bi hanya mai zafi a 2004, ta sallami dubban 'yan sandan hanya ta ɗauki sababbi, da albashi mai kyau da sa ido mai tsanani, tara kuma ta koma banki. Ba na ganin kwafar wannan kai tsaye zai yiwu a ƙasar da ke fama da ƙarancin jami'an tsaro, amma raba hannun mai kamawa da kuɗi abu ne da za mu iya.

Tunda lokaci ne hajar da ake sayarwa a gefen titi, a nan ya kamata a fi sa ƙarfi. A kan ƙananan laifuka, a rubuta tikiti a kan lambar mota da lasin, a saki direba nan take, a ba shi kwanaki ya biya ta waya ko wurin mai POS, wanda ya ƙi ya tarar da bashinsa ranar sabunta takardu. A taƙaita kama mota ga abin da ke barazana ga rai, kamar rashin birki da maye da tuƙin ganganci. A hana zare makulli da shiga motar mutane. A samar da wurin da direba zai ƙalubalanci tikiti a rana ɗaya ba tare da lauya ba. Idan jami'i ba zai iya riƙe direba awa uku ba, babu abin da zai sayar masa.

Sai ma'aunin da ake auna jami'an da kansu. Muddin ana yaba wa runduna da yawan motocin da ta kama da kuɗin da ta tara, za ta ci gaba da tsayawa inda motocin haya suka fi yawa, ko da can gaba ne ake mutuwa. A ba kowace runduna yankin titi, a riƙa tambayarta haɗurra nawa aka yi a wurin a bana, nawa aka yi bara. Jami'o'inmu na da rawar takawa a nan: irin aikin da aka yi a Aceh, na sa ɗalibai su hau mota su ƙirga tsayarwa da minti da naira, ana iya yin sa a hanyar Kano zuwa Legas da ta Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, a riƙa wallafa sakamakon duk shekara da sunan kowane yanki na hanya, a ɗora shi kusa da adadin haɗurran wannan yankin.